Abin da Mai Sikeli Bai Auna Ba

Sun dawo lafiya. Da wannan zan fara, don ni kaina ba na son labarin da zai bar cikin mutum a ɗure da ruwa har ƙarshe. Baba da Mama sun hau babur, sun tsallake iyakar ƙasa uku, sun ga teku, sun dawo gida da ƙafafunsu. Amma saura ƙiris a yi tafiyar ba da Mama ba, kuma laifin na mutumin da ya fi kowa iya awo a garinmu ne.

Babana mai gyaran sikeli ne. Ba wanda yake kiran sunansa, Mai Sikeli kawai ake cewa, har masu kawo takardar wuta haka suke rubutawa a bayanta. Yana ɗan shekara sha biyar aka kai shi wajen wani tsoho ya koyi aikin. Da tsohon ya rasu sai ya bar masa shagon da wani akwatin katako mai duwatsun awo na tagulla, daga mai giram ɗaya har mai kilo biyu, kowanne da ramin da yake zama a ciki. Da su ake gane sikeli mai gaskiya da maƙaryaci. A ɗora masa kilo ɗaya, in ya ce kilo ɗaya ne shi ke nan, in ya faɗi wani abu daban Baba ya kwance shi. Mu 'ya'yansa an hana mu taɓa su, wai gumin yatsa yana ƙara musu nauyi. Na taɓa ɗauke ƙaramin cikinsu ina 'yar shekara shida, ni ce babbar 'ya kuma ni ce mai ƙiriniya, har yau ban manta kallon da ya yi mini ba.

Sama da shekara arba'in ya yi yana zaga gari da akwatin nan ɗaure a bayan babur. Mahauta, masu hatsi, masu sayar da gwal, gidan waya, ɗakin awon jarirai a asibiti, duk nasa ne. In ɗan kasuwa ya ja shi gefe ya ce a ɗan karkata allurar sikeli kaɗan, ba ya faɗa ba ya wa'azi. Zai miƙa masa kayansa ya hau babur, kuma ba zai ƙara taka wannan rumfar ba. Shi ya sa ake ganin girmansa, shi ya sa kuma ba mu yi kuɗi ba. A gida ma bai bar mu mun huta ba, sukarin da aka sayo sai ya hau sikeli kafin ya shiga gwangwani.

Mama kuwa gyaran jaka take yi. Keken ɗinkinta yana kusurwar shagon, kusa da taga. Zif ya tsinke, hannun jaka ya cire, tayar akwati ta karye, wajenta ake kawowa. Duk mai shirin tafiya a unguwarmu sai ya biyo ta hannunta, wasu jakunkunan ma da tsohuwar takardar filin jirgi manne a jikinsu. Takan ɓare takardar ta karanta, ta tambayi mai jakar yadda can yake, ta saurara har ya gama. Ita kanta ba ta taɓa fita ƙasar nan ba.

Shekara goma da suka wuce Baba ya ce zai kai ta ta ga teku, kuma a kan babur. Mun ɗauka wasa ne, ita ce ba ta ɗauka wasa ba. Ta je ta bi layi ta yi fasfo. Sai hidima ta yi ta tasowa: rufin gida ya fara yoyo, ƙanena ya shiga jami'a, aka yi mini aiki a asibiti, ga babur ɗin lokacin ƙarami ne, da ƙyar yake hawa gadar kasuwa. Fasfo ya cika shekara biyar ya mutu, ko ɗigon tawada babu a cikinsa. Ta sake bin layi ta yi na biyu. Shi ma ya kama hanyar mutuwa, saura wata tara, ga shi wasu ƙasashen ba sa karɓar fasfon da bai kai wata shida a gaba ba. Wata rana tana cikin ɗinki, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce ita dai ba za ta bi layin na uku ba. Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa muka san da gaske take.

Ba zan yi wa Baba ƙarya ba, bai zauna ba. Shekara uku da suka wuce ya sayi babban babur na hannu, ya kwance shi ya mayar. Ya manna taswira a bangon shago, ya bi hanyar da zare, lanƙwasa bayan lanƙwasa, sannan ya miƙe zaren a kan rular aikinsa ya fitar da nisan tafiyar. Don ya san abin da babur yake sha, ya tsiyaye tanki ya zuba lita ɗaya cif, ya yi ta tafiya har injin ya mutu, ya turo shi gida da ƙafa. Sau uku ya yi haka, wai awo ɗaya ba awo ba ne. Ya tanadi ambulan uku, kowace ƙasa da tata, da ta huɗu wadda ya rubuta wa "in an samu matsala". Kuɗin man dawowa ne kaɗai bai tara ba. Dabararsa ita ce ya tafi da akwatin duwatsu, ya riƙa gyaran sikeli a kasuwannin hanya, don a cewarsa ba ƙasar da ba a awo kuma ba kasuwar da ba ta da sikeli mai ciwo.

Ni aka ɗora wa aikin takardu, tunda ni ce mai haƙurin waya da kwamfuta: inshora, takardar fita da babur, katin rigakafi. Na yi, amma ina yi ina mita. A kemis nake aiki, na san irin mutanen da suke shigowa neman bandeji bayan sun sha ƙasa. Dattijo mai shekara sittin da ɗaya ya goya matarsa su nufi inda ba su san kowa ba, ni ban ga abin burgewa a ciki ba. Na faɗa masa haka fiye da sau goma, kullum sai ya ce in karanta littafin tukuna.

Littafin mai baƙin bango ne, kowane shafi ya raba shi biyu, gefe ɗaya kuɗi, gefe ɗaya kilo. Saura mako uku su tashi, ran Asabar da safe, ya ba ni shi in yi masa kwafi. Ina tsaye a bakin shago na buɗe shafin nauyi. A sama ya rubuta abin da kamfanin babur ya buga a jikin ƙarfe, cewa mutane da kaya kada su wuce kilo ɗari da casa'in. A ƙasa ya jera komai. Tanti, risho, sarƙar canji, tiyub biyu, hulunan kwano, sabulu, har buroshin haƙori da ya rage wa mariƙi. Kaya duka kilo sittin da biyar. Sai layi biyu na ƙarshe: "Ni, 71. Shugaba, 52." Shugaba yake kiran Mama tun kafin a haife ni.

Na yi dariya har sai da na nemi benci na zauna. Mama ta fita sayo zare, don haka na samu bakin tambayarsa inda ya samo hamsin da biyu. Ya ce ai shi ya auna ta da kansa. Na ce yaushe. Ya sosa ƙeya ya ce ranar da ya fara ganinta.

Labarin duk mun san shi, lambar ce ba mu sani ba. An kira shi gyaran sikelin wani ƙaramin asibiti, ya gama, yana neman wanda zai hau a gwada. Ita kuma ta kawo labulayen da aka ba ta ɗinki, tana jiran a sallame ta. Ya roƙe ta ta hau, ta hau, ya karanta, ya gode. Bayan mako ɗaya ya koma asibitin wai zai duba ko sikelin yana nan daidai, ya ɓige da tambayar gidan mai labule. Shekara talatin da huɗu ke nan. Mutumin da ya auna rabin abin da ake sayarwa a garin nan bai ƙara auna matarsa ba, kuma bai taɓa kawowa a ransa cewa lambar ta motsa ba.

"Baba, Mama fa ta haifi mutum huɗu," na ce.

Ya kalli kujerarta. "Ni ban ga ta canja ba," ya ce.

Haushi da tausayi suka kama ni, na rasa wanda zan fara da shi. Da wani ne, da sai ya ce ai babur ba ya ƙorafi, a hau kawai. Ba Baba ba. Lambar da aka buga a jikin ƙarfe a wajensa magana ce da aka gama. Kuma a wannan karon ina bayansa, don ya yi mini bayanin yadda birki yake ƙin kamawa a gangara in kaya sun yi yawa, da yadda taya take fashewa a hanya mai zafi. Kilo biyu kacal ya bari a matsayin rara. Duk abin da Mama ta ƙara a kan hamsin da huɗu, dole a cire shi daga wani wuri, ko kuma a cire ta.

Sai matsalar wanda zai ce wa Mama ta hau sikeli. Na ce ni ba ruwana, matarsa ce. Ƙanena da na kira a waya ya ce shi yana da aji, ya kashe. Baba ya yi tunani ya fito da dabarar da ta fi kowace muni: ya shimfiɗa siririn sikeli a gaban kekenta, ya rufe da tabarma, ya koma teburinsa yana leƙe ta ƙasan tabarau. Ranar farko ta tsallake tabarmar. Rana ta biyu ta zagaye ta. Rana ta uku, ina nan na kawo takardar inshora, ta tsaya ta yaye tabarmar, ta naɗe ta, ta jingine, ta cire takalmi ta hau.

"Karanta, Malam," ta ce. "Ka ɗaga murya, 'yarka ma ta ji."

Saba'in da takwas. Ya faɗa kamar mai karanta sakamakon asibiti. Ta tambaye shi nawa ya rubuta, ya faɗa mata, ta kalle shi ta daɗe. Na zaci za ta yi dariya ko ta yi faɗa, ba ta yi ko ɗaya ba. Mace ce da ta zauna da sikeli shekara talatin da huɗu, kafin ya ɗauki biro ta riga ta gama lissafin: sun wuce da kilo ashirin da huɗu. Ta sauko ta saka takalminta, ta ce ba komai, ya tafi shi kaɗai ya gano mata tekun, ya zo ya ba ta labari yadda masu jaka suke ba ta. Ta buɗe aljihun keke ta ajiye fasfon a kan tsohon, ta rufe, ta ci gaba da ɗinki. Na sha ganin Mama cikin fushi, amma wannan ya fi fushi ciwo.

Baba ya ce ba inda za shi ba da ita ba. Ta ce to a bar maganar. Ni da na yi wata da watanni ina addu'ar a fasa, ga shi an fasa a gabana, sai na ji ba na so. Na koma kemis na yi ta ba mutane canjin da ba daidai ba.

A kwanakin da suka biyo baya na gane abin da ya sa ya raba shafin biyu. Kowane kilo da za a cire, kuɗi ne. Tanti da risho suna da nauyi, amma saboda su ne ba za a biya masauki ba. Ƙanena ya ce a sayi babur da ya fi wannan, Baba ya nuna masa ambulan huɗun ya ce ya zaɓi wadda za a saya da ita. Na ce Mama ta bi mota su haɗu a can. Ta ce ita mota amai take sa ta, kuma ba haka aka yi mata alkawari ba.

Ita ce ta fara samo hanya, duk da ta ce ta bar maganar. Ta ɗaga ɗaya daga cikin akwatunan ƙarfen da ake ratayawa a gefen babur, ba komai a ciki, ta jijjiga shi, ta tambaya ko akwati za a kai yawo ko kaya. Ta sayo tamfol mai kauri, ta ajiye aikin mutane, ta yi kwana huɗu a kan keke. Ta fito da jakunkuna biyu masu ɗinki bibbiyu da maɗaurai, ruwa ba ya shiga. Tana miƙa masa ta ce don shi ta yi, kada ya ɗauka wani abu. Ya ɗora su a sikeli, an samu ragin kilo tara. Shi kuma ya cire tanti da risho da tabarmin kwana, kilo takwas. Don a samu kuɗin masauki ya yanke kwana biyar daga tafiyar, ya haƙura da wata hanyar kan dutse da ya daɗe yana nuna mana a taswira. Ya zare zaren daga wajen da hannunsa.

Saura kilo bakwai. Aka bi littafin layi-layi. Ruwan sha ba ya taɓuwa, sarƙa da tiyub ba sa taɓuwa, tufafi kala bibbiyu ne dama. Abu ɗaya ne ya rage mai kilo bakwai cif, kuma dukkanmu mun san shi, ba wanda ya yarda ya fara faɗa. In an bar akwatin duwatsu a gida, ba kuɗin man dawowa. Na ce zan bayar, ina da ɗan abin da na ajiye. Ya ce shi ya yi alkawarin, ba ni ba, kuma ina da yara a makaranta. Na roƙa, na yi fushi, na ce taurin kai ne, ya ce ya ji. Akwai wani mai sayar da gwal da ya shekara biyar yana nacin a sayar masa da akwatin. Baba ya kira shi ya ce ya zo ran Litinin da azahar.

Ran Lahadi da yamma na same shi ya shimfiɗa farin ƙyalle yana goge duwatsun ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da kowanne raminsa. Ya ce ai shekaru sun ja, dama ya kusa ajiye aiki, kuma yanzu duk sikelin lantarki ake yayi. Ƙarya yake yi, kuma bai iya ba. Ban taɓa jin tausayin mahaifina irin na ranar ba, ban kuma taɓa jin haushinsa haka ba.

Litinin na nemi izini a wajen aiki na zo shagon tun safe, don ban yarda a yi cinikin ba na nan ba. Mama tana rage masa ƙugun wandon da zai yi tafiya da shi. Ta ɗora tef ɗin awo ta duba, ta sake dubawa, ta ajiye. Ta miƙa hannu ta ce ya ba ta bel ɗinsa. Ta shimfiɗa shi a kan keke ta nuna mini huji uku da ba na kamfani ba, ta ce duk ita ta huda su da abin huda maɗaurin jaka, ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa haɗa su ta ƙirga ba sai yau. Sannan ta jawo siririn sikelin nan da ƙafa zuwa tsakiyar shago.

"Ka auna ni a gaban 'yarka," ta ce. "Hau."

Ya ce shi ya san nauyinsa. Ta tambaye shi yaushe rabonsa da awo. Ya fara lissafi da yatsu, ya wuce hannu ɗaya, ya shiga na biyu, sai ya daina ya cire takalmi. Sittin da uku. Ya sauko ya ce sikelin ne. Nasa fa, wanda shi ya saita da hannunsa. Ya buɗe akwatin da ya goge jiya, ya ɗora kilo biyu, sikeli ya ce biyu. Ya ƙara biyu, ya ce huɗu. Ya kwashe ya sake hawa. Sittin da uku.

Su biyun suna kallon juna, lissafi ya fita: kilo takwas sun sauka, ana neman bakwai. Mama za ta tafi, akwati ma zai tafi. Ni kuwa hankalina ne ya tashi, don na san abin da ake nufi in dattijo ya zubar da kilo takwas bai sani ba. Na ga irin takardun da ake kawo mana kemis. Ban bari an yi murna ba. Mai gwal ya iso ya tarar muna rufe shago, Baba ya ba shi haƙuri a tsaye, na tisa ƙeyarsa sai asibiti.

Kwana biyu muka jira sakamako, kwana biyun da ba na fatan in sake irinsu. Likitar ta duba takardun ta ce jini lafiya, sukari lafiya, ƙirji lafiya, ba ta ga komai ba. Na saki ajiyar zuciyar da sai da ta ɗago ta kalle ni. Sai ta tambaye shi abin da yake ci da rana. Ya ce yana ci a kasuwa in ya fita zagaye. Ta ce me yake ci. Ya kalli silin, ya kalli takalminsa. A nan ne gaskiya ta fito: tun da ya sayi babban babur ya daina cin abincin rana. Ruwa yake sha, ya dawo ya zuba kuɗin a ambulan. Shekara uku. Wai ya gwada na mako ɗaya ya ga bai faɗi ba, sai ya ci gaba.

Muka fito harabar asibiti tare da Mama. A bakin babur ta tsaya.

"Ashe ambulan ɗin nan naman jikinka ne a ciki," ta ce.

Ya ce bai kai haka ba. Ta ce ya kai kilo takwas, shi ya auna da kansa. Ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta kafa sharaɗi: za ta je, amma kullum rana ta yi tsaka za a tsaya, ya ci abinci a gabanta tana kallo. Ya ce to in nauyinsa ya dawo fa, kilo ɗaya ne fa rarar. Ta ce man inji da sabulu da abincin gwangwani za su riƙa raguwa a hanya, in kuma ba su isa ba za ta fara jefar da duwatsunsa ɗaya-ɗaya, daga babban. Ranar ce na fara jin dariyarsa tun da na buɗe littafin nan.

Jajibirin tafiya muka je wani sito da ke bayan kasuwa, inda akwai babban sikelin da ake ɗora buhuna, wanda Baba ne yake kula da shi. Aka auna babur shi kaɗai, sannan aka ɗaure kaya, suka saka hulunan kwano suka hau. Mai siton ya ce in ya ɗan haura ma ai sai a kawar da kai, Baba ya yi masa kallon da ya yi mini ina 'yar shekara shida. Aka cire nauyin babur, ya rage ɗari da tamanin da tara. Na sa aka sake, don na koyi cewa awo ɗaya ba awo ba ne. Bai canja ba.

Sun tashi da sassafe. Mama ta rataya fasfon a wuya cikin wata 'yar jaka da ta ɗinka da ragowar tamfol. Rana ta biyu, ina tsakiyar ba wata mata maganin tari, waya ta yi ƙara. Hoto ne, ya yi dishi-dishi, rabin babban yatsanta ya rufe gefe, amma ana ganin hatimin shuɗiyar tawada a shafin farko. Na zauna a kan kwalin magani na yi kuka, matar tana tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, mamata ce ta tsallake iyaka.

Kwana ashirin da shida suka yi. Baba ya gyara sikeli sha huɗu a hanya, man dawowa ya fita har da ragowa. Sun yi faci sau ɗaya, ruwan sama ya tsare su kwana guda a wani ƙaramin masauki, inda Mama ta gyara wa mai masaukin zif ɗin jaka aka yafe musu kuɗin ɗaki. Ambulan ta huɗu ta dawo ba a buɗe ta ba. Da na tambayi Mama yadda teku yake, ta ce yana da girma, yana warin kasuwar kifi, kuma ta shiga har gwiwa da zaninta. Yanzu in masu jaka suna ba ta labarin tafiya, takan bar su su gama, sannan ta buɗe aljihun keke ta nuna musu hatimi shida.

Ranar da suka dawo, kafin su sha ruwa na jawo sikeli. Baba ya koma sittin da bakwai, Mama ta ce saura huɗu, kuma tana sane da su. Hankalina bai gama kwanciya ba sai a lokacin.

Bayan mako ɗaya na tarar da littafin a kan teburinsa. Ya bi shi da jan biro ya gyara duk inda lissafi ya saɓa: farashin mai a ƙasa ta biyu, nisan da zare ya rage, nauyin jakunkuna. Ya soke saba'in da ɗayan da ya rubuta wa kansa. Layin Mama ne kaɗai bai soke ba. Ya rubuta saba'in da takwas a gefe, ya bar hamsin da biyu yadda take. Na ce ya manta da wannan.

"Ban manta ba," ya ce. "Wannan ba kuskure ba ne. Sikelin ranar daidai yake, ni na gyara shi."